Ƙwai Uku a Mararrabar Agege

Tun da na dawo daga Ikko ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo shago sai ya ja benci ya zauna, ya ce, "Lawali, yaya ka baro ƙasarku?" Wai ƙasarmu, ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina shan ruwan Maraɗi. Shekaranjiya garin ba da labari na ɗinka wa wani bawan Allah aljihu a bayan riga. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan kekena. Amma kafin mota ta tashi sai na faɗi abin da ya kai ni, don ba yawon buɗe ido na je ba.

A Agege aka haife ni. Mahaifina, Malam Idi, fataucin goro ne ya kai shi can, ya kama ɗaki biyu a gidan wata Bayarabiya mai sayar da agidi, ana ce mata Iya Risi. A gidan nan na yi rarrafe, a nan na koyi zagi da harshe biyu. Yaran can suna kirana Mala, yadda suke kiran duk Bahaushe, da muka dawo nan kuma yaran unguwa suka laƙa mini Ɗan Ikko, har yau sunan bai sake ni ba.

Wasu mutanen can suna da wata al'ada. In abu ya dami mutum, sai ya zuba agidi da manja da dafaffen ƙwai a kasko, ya kai mararrabar hanya da asuba ya ajiye. Mu 'ya'yan Hausawa an ja mana kunne: kar a taɓa, kar a tsallaka, kar ma a kalla. Wai duk wanda ya taɓa, ya kwashi ciwon da aka zuba a ciki ya kai gidansu. Ina da shekara goma aka aike ni sayen burodi wata rana da sassafe. A hanyar dawowa sai ga kasko a mararrabar layinmu, ƙwai uku a kai, an ɓare su tas, suna sheƙi. A gidanmu kuwa ƙwai sai an yi baƙo, shi ma baƙon sai mai rawani. Na duba gabas, na duba yamma, na ɓalli gefen burodin, na tsuguna. Har bismilla na yi, abin da har gobe nake mamakin kaina a kai. Na cinye ukun, na goge manja a wando.

Kwana uku bayan haka Baba ya yanke jiki ya faɗi a rumfar goro. Cikin mako guda aka ɗaure kayanmu aka sa mu a mota zuwa Maraɗi. Bai cika wata biyu ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na sani, ba sai kun gaya mini ba. Na yi karatun allo, na san wanda ke kashewa da rayawa. Amma yaron nan ɗan shekara goma da ke cikina ba ya jin wa'azi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Inna, ita kuma tun da muka dawo ba ta ƙara ambaton Agege ba har ta rasu bara. Bayan rasuwarta na rame, abinci ya daina shiga. Matata Hadiza ta gaji da ganina ina kallon bango, ta sayo mini littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan boko, ta ce, "Tunda ba za ka faɗa wa mutum ba, faɗa wa takarda. Ita ba ta da maƙwabta."

Na kuwa faɗa wa takardar. Na rubuta gidan Iya Risi, da jirgin ƙasa da ke ratsa kasuwa, da ranar da muka iso Maraɗi. Duk shafin da na cika sai in ji ƙirjina ya yi sauƙi. Har ƙwan na rubuta. Amma a ƙarshen shafin na sami kaina na rubuta tambaya: Baba yana da ciwon nan kafin in ci ƙwan, ko bayan na ci ne ya same shi? Takarda tana da sauraro, amma ba ta ba da amsa. Mutum ɗaya ya rage da zai iya sani, in tana raye, ita ce Iya Risi.

Ana cikin haka Kawu Sale, ƙanin Inna, ya ce bana ba zai sayar wa 'yan sari albasarsa a nan ba, da kansa zai kai ta Ikko, tunda ga ɗan Ikko a gida mai jin Yarabanci kamar ruwa. Wannan kuma laifina ne. Shekara da shekaru ina burga a majalisa, in an taɓo zancen kudu sai in gyara zama in ce ku tambaye ni. Ban iya ce wa Kawu abin da ya rage mini a kai bai fi gaisuwa, da ƙirga ɗaya zuwa goma, da zagi shida ba. Muka shiga gaban tirela mu uku har da direba, wani Bakatsine da ba ya magana sai da taya. Ni ne a tsakiya, sandar giya tana gaisawa da gwiwata duk lokacin da aka canza.

A boda, ɓangaren Nijeriya, wani ma'aikaci ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya.

"Malam, nan an ce kai ɗan Nijar ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Nan kuma an ce a Agege aka haife ka. To yanzu shiga kake yi ko komawa?"

Na ce, "Wallahi abin da zan je in gano ke nan."

Ya buɗe jakata, ya ga kaya kala biyu, da ƙullin kilishi na tsaraba, da littafin. Ya ce me ke ciki? Na ce ba komai, tarihi ne. Kalmar nan ita ta ja mini, don sai ya ja kujera ya zauna. Ya buɗe tsakiya, ya faɗa daidai kan shafin da na fi tsoro. Ina tsaye ina zufa, sirrin da na ɓoye wa uwata da matata ga shi a hannun mutumin da ko sunansa ban sani ba. Ya karanta har ƙasa, yana motsa leɓe. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Duka ukun?"

"Duka, ranka ya daɗe."

"Ko gishiri babu?"

"Akwai manja."

Ya rufe littafin a hankali ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "In za ka dawo ka biyo ta nan, ka gaya mini abin da tsohuwar ta ce." Kawu ya tambaye ni me suka gani a jakar har aka daɗe, na ce takardun awo ne na masu ɗinki.

Kwana uku muka yi a hanya. Daga Katsina har Kaduna ba abin da zan ba ku labari, gida ne, sai dai kuɗin da ya canza kama. Abin da ba a gaya wa mai bin motar albasa shi ne, ranar farko kai ke jin warinta, rana ta biyu kuwa mutane ke jin warinka. A wani masallaci kusa da Mokwa na shiga sahu, na dama ya matsa, na hagu ya matsa, na yi sallata da fili kamar liman.

Da muka haye gadar Jebba ƙasa ta fara duhu da itatuwa, abinci ma ya canza. A Ogbomosho direba ya tsaya duba taya, Kawu ya ce, "To Ɗan Ikko, ga ranarka. Shiga gaba ka yi mana maganar abinci." Muka nufi wata rumfa inda wata dattijuwa ke zaune bayan manyan tukwane. Mu a nan in ka ga babba ka tsuguna ka gaishe shi, magana ta ƙare. Su can yaro namiji kwanciya yake yi rub da ciki. Ni ban yi shawara da kowa ba, jikina ne ya tuna abin da kaina ya manta. Sai kawai na gan ni a ƙasa, ƙato da ni, da babbar riga, haɓata kusa da bokitin wanke kwanuka. Daga nan ƙasan na tattaro ɗan Yarabancin da nake da shi na zuba mata. Daga baya na lissafa abin da na faɗa: na yi mata barka da asuba alhali la'asar ta yi, na ce "ba ni", sannan na rufe da "zan gaya wa babana".

Ta leƙo ta kan tukunya, ta ce da Hausa garau, "Malam, tashi kar rigarka ta ɓaci. Amala za ku ci ko shinkafa?"

A Sabon Garin Zariya ta yi shekara ashirin. Aka kawo amala aka ajiye a gaban Kawu. Ya dubi baƙin tuwon nan, ya tambaye ta ko ƙonewa ya yi, ta ce haka Allah ya yi shi. Miyar kuwa da ya taɓa ya ce ai lalo ce aka canza mata suna. Loma uku ya yi barkono ya kama shi, hawaye na bin gemu. Yana share ido ya ce, "Lawali, wannan kwanciyar da ka yi, a cikin kuɗin abincin take ko kyauta ce?" Ni kuwa loma ta farko da na kai baki sai na ji ɗanɗanon tsakar gidan Iya Risi sak. Na ci nawa, na ƙarasa na Kawu.

Da hantsi muka shiga kasuwar Mile 12. Kafin direba ya kashe mota 'yan dako sun kewaye mu, wannan Basakkwace, wancan Bazazzagi, ga wani ma ɗan Tibiri da ya san surukin Kawu. Ko'ina Hausa ake yi. Kawu ya saurara ya saurara, ya juyo ya ce, "Ashe wahalar banza na yi na ɗauko ka. Je ka yi harkarka." Masaukinmu wani bene ne na katako a saman rumfar albasa, mutum goma sha a jere, kowa ya yi matashi da takalminsa. Wanka sai ka bi layi, kana ciki na bayanka yana buga ƙofa yana tambaya ko aure kake ɗaurawa.

Washegari na ɗauki littafina da kilishi na tafi Ketu na hau danfo, ƙananan motocin hayar nan masu launin rawaya. Na zauna kusa da wata mata mai jaka, na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi: na gaishe ta, na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi gajiya. Tun a kan yara ta ɗauke jakar ta mayar ɗaya gefen ta rungume. A can ba a gaisuwa a mota, kowa ya ɗaure fuska kamar an yi masa rasuwa, amma in direba ya yi kuskure sai duk motar ta zama dangi, a haɗu a kansa. Kuma danfo ba ta tsayawa, rage gudu take yi don girmamawa. Da aka ce Agege na yi tsalle, ni na sauka, takalmina na hagu ya wuce gaba. Na bi motar da ido har ta sha kwana. Silifas ɗin da na samu a kusa na mata ne, ruwan hoda, da ɗan fure a kai, dugadugaina a waje. Da su na shiga garin haihuwata.

Ban gane komai ba. An yi wata doguwar gada a sama, an killace hanyar jirgi, inda na san rumfunan goro yanzu shagunan waya ne. Na yi ta zagaye da littafi a buɗe kamar mai karɓar haraji. A ciki na rubuta cewa mararrabar layinmu ta kai filin idi faɗi. Da na same ta, wani mai keke mai ƙafa uku yana ta fama ya juya a ciki ya kasa. Na tsaya daidai inda na tsuguna a wancan ƙarni, yanzu wata mai gasa masara ce a wurin. Na zaci zan ji wani abu mai girma. Hayaƙi kawai na sha, ta kuma tambaye ni guda nawa.

A ƙofar wani masallaci a Zango na tarar da mutane a kan benci. Na yi sallama, suka amsa, ɗaya ya ce, "Baƙo daga ina?"

Na ce, "Ba baƙo ba ne, ni ɗan nan ne."

Wani mai sayar da nama, haifaffen wurin, ya dube ni daga hula har fure. Ya ce, "Oga, abeg. Da wannan Hausar taka ta Nijar? Ka ce dai jiya tirela ta sauke ka. Albasa ko?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Shekara talatin da ɗaya ana ce mini ɗan Ikko, na zo Ikkon an ce ɗan Nijar. Na ce to su bari in faɗi sunan ubana. Da na faɗa, wani tsohon wanzami da ke gefe yana wasa aska ya ɗago kai.

"Idi Dogo? Mai lulluɓe goro kamar jariri?" Ya ajiye askar. "Matso in gan ka. Ni na yi maka askin suna, kanka duk ƙulu-ƙulu, sai da na yi addu'a."

Baba Ɗanlami ke nan. Ya sa aka matsa mini a benci, mai naman ya aika aka kawo mini shayi, ya ce in yafe, ashe babban yaya ne. Na jira aka watse, na tambayi tsohon ko ya san Baba da wani ciwo kafin ranar da ya faɗi. Ya yi tunani, ya ce, "Ɗana, mu a kasuwa in mutum ya ce lafiya lau, to lafiya lau ce. Wannan sai matan gida. Ka je wurin Iya, tana nan, gidan ne dai aka yi wa fenti."

Sau uku na wuce ƙofar gidan nan ban shiga ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, don in ta ce Baba lafiyarsa ƙalau har ranar, ban san inda zan kai wannan amsar ba. A karo na huɗu wata ƙatuwar mata da ke zaune a shagon atamfa jikin gidan ta daka mini tsawa, ta ce me nake nema tun ɗazu. Na matsa. Ta ƙura wa goshina ido, inda nake da tabo.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Wata yarinya ce ta jefe ni da murfin tukunya."

"Don ka cije ta a kunne," ta ce, ta ɗaga ɗankwali ta nuna mini. "Lawali Mala. Ka tsufa, amma har yanzu ba ka da takalmin kirki."

Risi ce, 'yar Iya, abokiyar faɗana, yanzu Alhaja. Ta ja ni ta dogon lungun nan mai ɗakuna suna kallon juna, har ƙuryar gida. Iya tana zaune a kan tabarma, ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari. Wannan karon da gangan na kwanta. Risi ta yi mata magana a kunne. Tsohuwar ta miƙo hannu ta shafa kaina, da fuskata, da kafaɗa, tana ta jero wasu kalmomi da ban gane ba amma na san da su take tashina in na faɗi ina yaro. Sannan ta koma Hausarta ta kasuwar goro, ta ce, "Dogo kamar uban. Ina Hajara?" Na ce Inna ta rasu bara. Ta yi mata addu'a. Na miƙa tsarabata, ta lalubi kilishin, ta buɗe baki ta nuna mini babu haƙori ko ɗaya, ta ce amma na kyauta, Risi za ta ci a madadinta.

Ba ta yarda na yi magana ba sai da na ci agidi da alale. Su ma a wannan fannin kamar mu suke, baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi da yunwa. Da na wanke hannu na ce, "Iya, tambaya ɗaya ta taso ni daga Maraɗi. Ranar da Baba ya faɗi a kasuwa, ranar ciwon ya fara?"

"Wace ranar?" ta ce. "Ciwon da ya fi shekara yana cinsa? A murhuna ake dafa maganinsa, don ya ce kar yara su gani. Ni na raka uwarka asibiti sau biyu. Tun kafin azumin shekarar likita ya ce a yi haƙuri."

Kafin azumi. Ni kuwa bayan babbar salla na ci ƙwan. Na kasa riƙe kaina, na fashe da kuka a gaban mata biyu, da silifas mai fure a bakin ƙofa. Cikin kukan na faɗa musu komai, kaskon, da burodin, da bismillar. Risi ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Iya kuwa ta karkata kai.

"A mararrabar nan tamu? Ƙwai uku, an ɓare?"

"E, Iya."

"Baƙin kasko, bakinsa ya ɗan fashe?"

Na daina kukan. Ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, sai da Risi ta ba ta ruwa.

"Ni na ajiye shi," ta ce. "Don ubanka. Na gaya masa, ya ce Iya ki bar wannan, ni Musulmi ne, ke ma haka. Gaskiya ya faɗa, kuma na bari tuntuni, Risi ta kai ni Makka na tuba. Amma a ranar, da an ce in kai kaskon tsakiyar teku zan kai. Aka ce mini in rana ta fito na ga an cinye, to an karɓa. Na je na leƙa, babu ƙwai ko ɗaya. Da rawa na dawo gida. Na ce ban taɓa ganin abin da aka karɓa da wuri haka ba, har ana barin agidi. Ashe ɗan haya ne."

"Ba na son agidi da manja," na ce.

Muka yi dariya mu uku har wata maƙwabciya ta leƙo. Sai dariyar Iya ta tsaya. Ta laluba ta kamo hannuna.

"Ba warkewa na roƙa masa ba, wannan an riga an gaya mana. Kullum in yana shan magani a bakin murhuna sai ya ce, Iya, in dai ga tsohuwata. Shi na roƙa, ya kai gida da ransa. Da kuka tafi ba wanda ya aiko. Wani direba ya ce a hanya ya cika, wajen Jebba. Wani ya ce a'a. Na tambaya na tambaya har masu sani suka ƙare." Ta matse hannuna. "Lawali, ya kai?"

Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai wani a wancan gefen da ke jiran amsa ba. Na ce, "Ya kai, Iya. Na ma rubuta." Na buɗe littafin, na nemo shafin, na karanta mata a hankali, Risi tana mayar mata da inda bai shiga ba:

"Motar ta tsaya a ƙofar gidan kakata da hantsi. Baba ya ƙi a ɗauke shi, ya ce a riƙe shi kawai. Kaka ta fito da ludayi a hannu. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kira sunansa ba, ba ta matso ba. Ta dubi gefe ta ce, an iso? Ya ce, an iso. Ta juya ta shiga ta dama fura."

"Tsaya," in ji Iya. "Ba ta rungume shi ba? Shekara goma sha biyar ba ta gan shi ba?"

"Kunya ce, Iya. Ɗan fari ne."

"Ku Hausawa, Allah ya shirye ku. Ci gaba."

"Kwana arba'in da uku ya yi a ɗakinta. Kullum ita ke dama masa fura, ta ba ni in kai, ta tsaya bayan ƙofa har ya shanye. Wata rana da azahar na shiga ɗaukar ƙwarya, na tarar yana barci, ita kuma tana zaune a gefensa, hannunta a kan goshinsa, tana kiran sunansa a hankali. Da ta gan ni ta ce ƙuda take kora."

Na rufe littafin. Iya ba ta saki hannuna ba. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba, Risi ma ta daina fassara.

"Buɗe," ta ce. "Sake karanta mini wurin ƙudan."